Mota Ɗaya, Kayan Mutum Goma

A damunar 2023, makonni kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, na je Magamar Jibiya aikin rahoto a kan rufe iyaka. Manyan motoci sun yi layi a gefen titi, direbobi na kwance a ƙarƙashinsu. Wani dattijon dillali ya nuna mini guda ɗaya, ya ce: "Ɗan nan, wannan motar kayan mutum goma sha ɗaya ne a cikinta. Babu ɗayansu da zai iya hayar ta shi kaɗai." Na rubuta maganar a littafina, ban sa ta a rahoton ba. Ta dawo mini ne daga baya, ina karatu a kan wani ƙaramin kamfani da ke Jamus.

Sunansa AMO, an kafa shi a 1993 a birnin Aachen, kusa da jami'ar RWTH. Aachen ma garin bakin iyaka ne kamar Jibiya, yana maƙwabtaka da Beljiyam da Holan. Kamfanin ba ya sayar da waya ko kwamfuta. Jarinsa wani ɗaki ne mai faɗin murabba'in mita 400 da aka tace iskarsa daga ƙura, da injunan zane, da mutanen da suka iya sarrafa su. A nan suke ƙera abubuwa a ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin kai ya kai nanomita dubu 80 ko kusa da haka.

Wanda ya taɓa ganin rinin ɗauri a Ƙofar Mata ya riga ya fahimci rabin aikin. Marini yana kare wani sashen yadi, ya bar wani a buɗe, baba ta kama inda aka bari. Su kuma suna shafa wani sinadari a kan faifan silikon, su zana siffa a kansa da haske ko da siririn kwararar elektron, su wanke, sannan su cinye inda ya bayyana ko su ɗora ƙarfe. A wannan ma'auni, ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta ɓata aikin makonni.

Abin da suka fi shahara da shi shi ne grafin. Asalinsa baƙin cikin fensir ne, giraifait, wanda shimfiɗu ne na kabon a jere kamar shafukan littafi. Idan aka ɓare shafi ɗaya mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, shi ne grafin. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka ɓare shi da salatif a Jami'ar Manchester a 2004, suka karɓi kyautar Nobel a 2010. Lantarki na gudu a cikinsa da sauri ƙwarai, kuma duk da rashin kaurinsa yana shanye kimanin kashi 2.3 cikin ɗari na hasken da ya ratsa shi.

Amfanin wannan yana cikin wayarka. Saƙon da ka tura daga Katsina yana yin mafi yawan tafiyarsa a matsayin haske cikin zaren gilashi, amma kwamfuta da lantarki take lissafi. A kowace mahaɗa dole a mayar da haske lantarki, a mayar da lantarki haske, kuma wannan canjin yana cin wuta, yana haifar da zafi. Idan aka shimfiɗa grafin a kan siririyar hanyar haske da aka tona a silikon, yana iya yin wannan tafinta cikin sauri a ƙaramin wuri. Wahalar ita ce ɗora shi ba tare da ya yage ko ya yi datti ba, kuma a maimaita sau dubu sakamako ya zo iri ɗaya. Wannan aikin maƙeri ne, kuma nan ne ƙaramin kamfani ya sami wurin zama.

A 2013 Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin Graphene Flagship na shekara 10 da kasafin Yuro biliyan ɗaya, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Chalmers ta Suwidin. A 2020 aka buɗe masa layin gwajin ƙira, inda AMO ya haɗa hannu da cibiyar imec ta Beljiyam, da VTT ta Finlan, da kamfanin Graphenea na Sifen. Ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce faifan haɗaka: masu bincike daga wurare daban-daban su aiko da zanensu, a jera su a faifai ɗaya, a ƙera lokaci guda, a yanka, kowa ya karɓi nasa ya biya kasonsa. Motar dattijon Magama ke nan. A 2020 ɗin kuma wani sabon kamfani, Black Semiconductor, ya fito daga cikin AMO, kuma a 2024 ya sanar da samun sama da Yuro miliyan 250, mafi yawansu kuɗin gwamnati.

Mu ba baƙin haɗaka ba ne. Fataken Katsina da Maraɗi sun daɗe suna tafiya a ayari, kuma adashe ya fi banki tsufa a gidajenmu. Abin da ke karya mana ita shi ne hanya. An rufe iyakar Jibiya a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda 'yan bindiga. Kowane mataki da dalilinsa, amma binciken haɗin gwiwa na shekara biyar ba ya rayuwa a kan hanyar da ba a san ranar rufe ta ba.

Ban ce a gina masana'antar grafin a Jibiya ba. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta Tarayya a Dutsin-Ma, ga ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa ta Jibiya zai ratsa. Ɗakin gwaji ɗaya tsakaninsu, mai wutar da ba ta ɗaukewa da ma'aikatan da ake biya a kan kari, wanda ɗalibin kowacce zai iya kai samfurinsa, ya fi uku da injunansu ke lulluɓe da leda. Sai dai wannan na buƙatar ɗalibar Maraɗi ta iya wuce Ɗan Isa da safe da kwalin samfurinta, ta dawo kafin magariba.

Kafin na bar Magama na tambayi dattijon ko masu kayan za su sake haɗa mota bayan wannan asara. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara, ya ce: "To da me za su yi? A buɗe hanya kawai."