Darasin Da Na Ɗauko Daga Madakiya

Duk wanda ya sauka Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa tun 1927, ba ya rasa mai ce masa ya leƙa Madakiya. Ƙauye ne na ƙasar Bajju, tafiya kaɗan daga gari, kuma a nan ne ruwan Matsirga, wanda ya taso daga duwatsun Kagoro, ke zubowa daga kan dutse mai tsawon fiye da mita 20.

Ruwan na je kallo, amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A bayan wani gida na tarar da ƙaramar tirelar kwana, watau ɗan ɗakin nan mai taya biyu da rufin tamfol wanda mota ke ja, masu yawon buɗe ido su kwana ciki. Mai ita ya ce mini sau uku kacal ya fita da ita. Ga tayoyin sun tsage, gara ta bi ta ƙasa ta cinye katakon daɓen, da ya buɗe ƙofa kuwa sai warin fumfuna ya kore mu. Hanya ba ta yi mata kome ba, zaman damina biyu a ƙarƙashin mangwaro ne ya kashe ta.

To, mai karatu, in Allah ya hore maka irinta, ka san cewa a wannan yanki ana ruwa tun daga Afrilu har Oktoba, saboda haka laima ce babbar abokiyar gabarka. Kada ka kuskura ka naɗe tamfol da danshi a jikinsa. Ko da dare ka iso gida, gari na wayewa ka buɗe shi ya sha rana, domin 'yan kwanaki sun isa ya yi baƙi, zaren ɗinkin ya ruɓe. Ka fid da katifa da duk wani abinci. Ƙwayar gyaɗa ɗaya ta isa ta gayyato ɓera, shi kuwa ba ya barin wayar lantarki.

Sa'an nan ka nema mata rumfar kwano da daɓen siminti, ka ɗaga ta da jak ka ɗora bisa tubali don tayoyin su huta, ka bar 'yar kafa iska ta riƙa shiga. Batir da tukunyar gas a cire su. Boris na ƙafa yana son sabon giris kowace shekara, balle in an ratsa rafi da ita, kamar yadda akan yi a hanyoyin ƙauyukan nan.

Rani ma da nasa sharrin. Da hunturu ya kama akan sa wa daji wuta, tamfol kuwa ba ya jure ko tartsatsi, don haka a nome ciyawar da ke kewaye tun tana ɗanya.

Da zan tafi na tambayi mutumin ko zai gyara ta. Ya yi murmushi ya ce ai kaji sun riga sun tare a ciki.