Tabkin Kalmalo: Inda Kwale-kwale Ya Bar wa Jaki Hanya

Daga Sakkwato zuwa Illela tafiyar kimanin kilomita 85 ce, ta Kware da Gwadabawa. Yawancinmu abin da muka sani game da Illela bai wuce kasuwar Lahadi da bakin iyakar Birnin Ƙonni ba, inda maigida kan je neman ragon layya. Amma kusa da garin akwai wani wuri da ya kamata kowace uwa ta ji labarinsa, wato Tabkin Kalmalo.

Sunansa tabki, amma wanda ya je da bazara, kamar yadda muka yi ni da wata abokiyar aikina mai dangi a can, ba ruwa zai tarar ba. Fili ne shimfiɗaɗɗe iya ganinka. Baƙar laka ta bushe ta daddare, har ƙafar yaro na iya shigewa cikin tsagar. Jakuna da amalanke ke ratsa tsakiyarsa, wurin da dattawan garin suka ce a da ba a ƙetare shi sai da kwale-kwale, lokacin da kifin Kalmalo ke kaiwa har kasuwannin nesa.

Ina ruwan ya tafi? Tabkin ya dogara ne da rafin Majiya, wanda ke gangarowa daga duwatsun ƙasar Adar a Jamhuriyar Nijar, ya bi ta yankin Ƙonni, ya zo ya zube a nan. Farin 1972 zuwa 1974 ya raunana shi, na 1983 zuwa 1984 ya ƙara. A tsakanin waɗannan shekarun kuma aka gina madatsun ruwa na Mozage da Zango a kan rafin, domin noman rani a Ƙonni. Su ma can iyaye ne masu neman abin da za su ba 'ya'yansu. Sai dai ruwan da aka tare a sama, na ƙasa ne ke rasa shi. A 1990 Najeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da Majiya. Duk da haka, sai shekarar da damina ta yi albarka tabkin ke tara ruwa, kafin zafi ya tsananta kuma ya ja.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kayan da aka bari. A gefe guda ga magudanan siminti na tsohon aikin noman rani, sun tsattsage, yashi ya cike su, tumfafiya ta tsiro a ciki. Gaba kaɗan ga kwamin shayar da shanu a bakin wata tsohuwar rijiya. Igiyar guga ta ci bakin rijiyar har ta yi masa zane-zane masu zurfi, shaidar hannuwa nawa suka ja ruwa a nan. Yanzu ƙadangaru ne ke shan inuwa a cikin kwamin.

Wannan ƙasar kiwo ce tun asali. Ƙasar farin sa Bokolo ce, da jar akuyar Sakkwato wadda fatarta ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Wata dattijuwar Bafulatana da muka tarar tana tallar nono ta nuna mana inda burtali ya bi a da, daga tudu zuwa bakin ruwa. Gonaki sun cinye rabinsa. Ta ce yanzu samarin rugarsu kan kora shanu kudu tun kaka ba ta yi nisa ba, a bar mata da yara da 'yan awaki. Idan shanu suka tafi, nono ya tafi. A asibiti mun san ƙarshen wannan labarin: yaron da aka yaye babu madara babu kifi, sai kunu tsagwaronsa, shi ne muke ɗorawa a sikeli muna girgiza kai.

Sai kuma ramuka. Ƙasarmu ta Sakkwato ƙasar haƙo ce. Masana sun ce kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki, shi ya bar mana farin dutsen da ake yin siminti da shi. Saboda shi aka kafa kamfanin siminti na Kalambaina a 1962, ya fara aiki a 1967, kuma irin dutsen ne ake sarrafawa a Malbaza, can tsallaken iyaka. A yankunan Dange da Wurno mutanen ƙauye sun daɗe suna haƙo jifsam da hannu suna sayarwa. A gefen Kalmalo kuwa, ramukan da na gani na masu ɗibar laka ne domin tubali, da masu yashi da tsakuwa, da kuma rijiyoyin wucin gadi da ake tona wa a cikin tabkin ana bin ruwa. Mai haƙa ya ɗebi abin da yake so ya tafi. Ramin ba ya tafiya.

A nan ne nake son mu tsaya, 'yan uwana mata, domin irin waɗannan ramuka suna nan a bayan unguwanninmu ma, duk inda ake sabon gini. Ruwan farko na sauka sai su cika, su zama wurin wankan yara. Gefensu a tsaye yake, ƙasansu laka ce mai riƙe ƙafa, yaro kuma ba ya ihu idan yana nutsewa. Ruwan da ya kwanta, mutum da dabba na sha, shi ke kawo gudawa, shiga cikinsa da wanka a ciki kuma su ke kawo tsargiya. Idan kika ga jini a ƙarshen fitsarin ɗanki, ba alamar girma ba ce, cuta ce, kuma akwai maganinta a asibiti. Idan gudawa ce, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida kafin a kama hanya. An taɓa fama da kurkunu a irin waɗannan ruwaye, amma da tace ruwa da sa ido aka kawar da shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da hakan ga Najeriya a 2013. Ramin bayan gida ma, idan mata suka haɗa baki suka je wa mai unguwa, ana iya cike shi ko a kewaye shi da ƙaya.

Mai son zuwa Kalmalo ta fara tambayar 'yan gari halin da hanya ke ciki, domin tsaro a yankin ba kullum yake daidai ba. A tafi da safe, a ɗauki ruwan sha, a dawo kafin la'asar.

A hanyar dawowa mun tsaya a Kware, inda tabkinsu ke nan da ruwansa, masu lambu na ban ruwa. Ruwan famfonmu na birni ma daga nesa yake zuwa, ta kogin Rima daga madatsar Goronyo, wadda a 2018 ta ja baya har hankalin hukumomi ya tashi. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wadda ta tashi a Illela ko Kalmalo, ko ta ji labarin tabkin daga bakin kakarta, ta ba mu mu ma mu ji.