Mun Yanka Taswira, Dutse Ya Ba da Shaida

Mu 'yan aji biyu ne, kuma mu ne muka yanka tsohuwar taswirar duniya da ke maƙale a bayan ajinmu. Mun amsa laifinmu. Amma ku bari mu faɗi dalili.

Ranar Talata Malam ya ce mana ƙasar Indiya a da tsibiri ce a kudancin duniya, sai ta yi ta tafiya arewa har ta yi karo da Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, karon ne ya tayar da duwatsun Himalaya. Muka fashe da dariya. Wani daga bayan aji ya ce, "Malam, wa ya gani?"

Da aka fita tara muka samo almakashi, muka yanke Indiya, muka jawo ta ƙasa muka manna ta kusa da Madagaska da Antatika. Ta zauna. Sai wata ta juya ta, ta manna ta wani wuri, nan ma ta zauna. Gardama ta kaure. Ashe da almakashi kowa zai iya kai ƙasa inda ya ga dama.

Washegari Malam bai ɗauko bulala ba. Ya zo da allura da maganaɗisu, ya goga, ya rataye ta da zare. Ya ce allurar kamfas ba arewa kaɗai take nunawa ba, tana kuma karkata. A kan ikwita tana kwanciya shimfiɗe, a ƙuryar arewa ko kudu kuwa sai ta miƙe tsaye. To, idan narkakken dutse ya fito daga aman wuta ya huce, ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinsa suna daskarewa da irin karkatar wurin da suke a ranar, ba su sake motsi ba.

A yammacin Indiya akwai irin waɗannan duwatsu, ana kiransu Dekan, sun kwarara shekara miliyan 66 da suka wuce. Masana sun fara auna su tun wajen 1950 da 'yan kai. Karkatar ta nuna sun huce ne a wajen digiri 25 zuwa 30 kudu da ikwita. Yau suna kusan digiri 20 arewa. Mun buga lissafin da kanmu a allo, ya ba mu tafiyar kusan kilomita 5,000. Wanda ya ce "wa ya gani" shi ya riƙe alli.

Abu ɗaya dai bai kwanta mana ba. Malam ya ce dutsen yana faɗin nisanka daga ikwita, amma ba ya faɗin gabas kake ko yamma. Ke nan wadda ta matsar da Indiya gefe ba ta gama shan kaye ba, kuma har yau tana tuna mana.

Kuɗin sabuwar taswira kuwa, kowa naira ɗari zai kawo kafin Juma'a. Saura mutum bakwai.