Kafin Ka Tsaya Gaban Masana Duwatsu

Ɗana, na ji an karɓi takardarka, za ka je taron masana duwatsu ka yi magana kan talewar ƙasa a Kwarin Binuwai. Allah ya sa albarka. Amma zauna tukuna in ba ka labarin kunyar da na sha.

Ina ɗan shekara talatin da 'yan kai na tsaya gaban irin wannan taro da taswirata, na ja layukan tsaga da jan alƙalami, abin gwanin sha'awa. Da na gama, wani dattijo a can baya ya ɗaga hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, tsagar nan ta uku, wane gefe ne ya nutse, kuma kwana nawa na yi a wurin? Ni kuwa ƙafata ba ta taɓa taka wurin ba. Daga hoton jirgin sama na kwafo layin, sauran na aro daga rahoton wani. Na yi ta kame-kame har shugaban zama ya ji tausayina ya ce lokaci ya ƙare. Shekara ta zagayo na je da guduma da kamfas, na tarar ba tsaga ba ce ma, bakin tsohon rafi ne.

Asalin maganar talewar ƙasa ba wuya. Ja kwaɓin fulawa ta gefe biyu, tsakiyarsa za ta sirance. Haka ɓawon ƙasa yake: ya sirance, samansa ya tsattsage, tsakiya ta nutse, ruwa ya kwaso yashi da laka ya cike ramin. Abin da ya sami Binuwai ke nan sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, sa'ad da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu. Tsagar ta kutso cikin nahiya kusan kilomita 1,000, sai ta tsaya, ba ta zama teku ba. Dutsen yashin Bima da ke wajen Gombe yana cikin abin da ya fara cike ta.

Inda wuyar take shi ne yadda aka yi ta buɗe. Kevin Burke, wanda ya koyar a Ibadan, ya ɗauke ta reshe na uku na wata tsaga mai rassa uku, reshen da ya mutu a hanya. Daga baya wani masani, Benkhelil, ya bi tsagogin yana aunawa, ya ce gocewar ƙasa gefe da gefe ta taka rawa babba. Za ka haɗu da almajiran kowane ɓangare a zauren. Kada ka bi ɗaya don kawai malaminka can ya karkata. Faɗi abin da dutsenka ya nuna, ko da rabin amsa ne.

Za a nuna muku hotunan Afar ta Habasha, inda a Satumbar 2005 ƙasa ta tsage wajen kilomita 60, wani wurin faɗin ya kai mita 8. Jaridu kan ce Afirka na dab da rabewa biyu. Amma girman farcenka ya fi buɗewar Kwarin Gabashin Afirka sauri.

Sai mutanen mai. Tun da aka haƙo shi a Agadem ta Nijar, aka kuma ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a 2022, duk wanda ya ambaci Binuwai sai an ja shi gefe lokacin shan shayi. Ka gaishe su da mutunci, amma kada ka yi musu alkawarin abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

In an tambaye ka abin da ba ka auna ba, ce ba ka kai nan ba, ka rubuta sunan mai tambayar. Akwai sauran sati uku kafin tafiyar. Ɗauki littafinka na daji ka koma Gombe, ka sake auna wurare biyun nan da ka ce mini ruwan sama ya kore ka daga cikinsu.