Wajen Masu Rewaya a Ƙofar Ruwa

Ƙarar guduma da warin baƙin mai ne ke fara tarbar mutum a Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Injuna da giyoyi 'yan Beljiyam na jibge a bakin shaguna, yara na kai-komo da sifana a aljihu. Ni dai wajen masu rewaya na fi daɗewa, inda aka janyo wata Corolla mai giyar otomatik da ta ƙi tashi.

Mai motar ya riga ya yanke hukunci cewa kik ne ya mutu. Mai rewayar bai yi masa gardama ba. Ya kunna fitilu, suka haska tar, ya auna batir, yana nan da ƙarfinsa. Sai ya taka birki, ya mayar da giya daga P zuwa N, wato firi, ya murɗa makulli. Nan take mota ta tashi.

Abin da ya zarga ɗan makunni ne da ke ɗaure a jikin giya, daidai inda wayar sandar giya ke kamawa. Aikinsa hana wuta isa ga kik sai giya na kan P ko N, kuma a motoci da yawa shi ke kunna fitilar ribas. Shi ya sa ya mayar da giya kan ribas, ya tura yaronsa baya ya duba, fitilar kuwa ba ta kama ba. Ya zare soket ɗin makunnin, ga laka da tsatsa sun cika shi, aikin ruwan damina. Ya wanke, ya ɗora mita a kan ƙafafun makunnin, yaron na sauya giya ɗaya bayan ɗaya. A wata motar, na'urar gwaji kan nuna lambar P0705. Wani lokacin ma makunnin lafiyarsa lau, gocewa kawai ya yi, sai a sassauta kusoshinsa a daidaita shi da alamar firi.

Abin da ke damuna shi ne masu haɗe wayoyi biyu su tsallake makunnin don gudun wahala. Motar za ta tashi, amma za ta tashi ko giya na kan D, ta zabura kan duk wanda ke gabanta, a unguwannin da yara ke wasa a gindin motoci. Wannan mai rewayar bai bi ta nan ba. Da mitar ta nuna P ba ya bada hanya, ya aiki yaron layin masu kayan giya da tsohon makunnin a hannu, don a samo irinsa.