Kafin a sake wa wasa riga

Ƙannena, akwai wani wasa da na koya a shekarata ta farko a jami'a, wanda ba ya buƙatar waya ko lantarki. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur. Ɗaya shi ne jagora, shi ke ba da labari kamar mai tatsuniya. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ya raɗa masa suna, ya rubuta ƙarfinsa da rauninsa a takarda. Idan jagora ya ce kun iso bakin gulbi ga ruwa ya cika, kai za ka faɗi abin da jaruminka zai yi, sannan a jefa ɗan ludo a ga ko ya yi nasara. Ba a sa kuɗi, ba wanda ke cin wani.

Mafi shahara a irin wannan wasa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Dokokinsa a littafi suke, don haka lokaci-lokaci akan yi masa sabon bugu, kuma a nan rigima take. A 2008 kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da bugu na huɗu, ya sauya dokoki sosai har littattafan da mutane suka tara suka daina aiki da sababbin. Da yawa suka yi fushi, suka koma wani wasa mai suna Pathfinder da ya fito a 2009 bisa tsofaffin dokokin. Da kamfanin ya tashi yin bugu na biyar, sai ya fara raba gwaji ga jama'a tun 2012, ya saurari ƙorafinsu, ya fitar da shi a 2014 tare da taƙaitattun dokoki kyauta a intanet. A 2024, da wasan ya cika shekara 50, an sake gyara shi cikin littattafai uku da suka fito ɗaya bayan ɗaya: na 'yan wasa a Satumba, na jagora a Nuwamba, na dodanni a Fabrairun 2025. Wannan karon an kula tsofaffin labarai su ci gaba da aiki.

Kowane littafi kusan dala 50 ne. Babu ɗan sakandare a Bukkuyum da zai iya sayen guda, balle uku. Shi ya sa ni da abokaina uku muka rubuta namu da Hausa a littafin rubutu na makaranta. Maimakon dodannin Turawa muka sa Gizo da Ƙoƙi da Botorami da Dodon ruwa. Jaruman kuwa mafarauci ne, da maƙeri, da ungozoma, da bafatake. A hutun da ya wuce na kai shi gida Gummi, yaran unguwarmu suka buga shi har takardun suka yi laushi. Yanzu muna shirin bugu na biyu, kuma labarin Amurka ya sa na tsayar da sharuɗɗa uku.

Na farko, kada jarumin kowa ya mutu saboda mun sauya doka. Wata ƙanwata ta yi wata biyu tana raino ungozomarta, ta san sunan kowane magani da ke cikin jakarta. Idan sabon bugu ya ce ta yaga takardar ta fara daga farko, ba za ta dawo teburin ba, kuma tana da gaskiya.

Na biyu, a raba shi gida uku, amma na farko ya zama takarda ɗaya tak, gaba da baya, wadda za a iya yi wa hoto a shagon kwamfuta ko a tura ta WhatsApp. Ita kaɗai ta isa a fara wasa. Littafin jagora ya biyo baya, na halittun tatsuniya ya zo ƙarshe. A gidan da iyaye ba sa son ganin ɗan ludo don yana kama da kayan caca, a rubuta lambobi a 'yan takardu a zuba cikin hula a riƙa zara.

Na uku, a gwada kafin a buga. Dubi dara: ramuka 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya. Babu kamfanin da ya taɓa buga mata littafi a garinmu, amma dokokinta sun zauna, domin duk dokar da ba ta yi wa masu wasa daɗi ba a gindin bishiya take mutuwa. Haka nake so namu ya bi. Abokina ɗan Anka zai kai gwajin can, wata 'yar ajinmu ta kai Bukkuyum, ni in riƙe Gummi. Za mu rubuta da daidaitacciyar Hausa, amma a kan tebur kowa ya saki Zamfarcinsa.

Dalilin da ya sa na damu shi ne, a yankinmu rashin tsaro ya rage hirar dandali da dare, yara da yawa ana kulle musu ƙofa tun bayan magariba. Wasan da ake yi a tsakar gida da fitila ɗaya yana sa a yi lissafi, a yi karatu, a koyi jiran layin magana.

Idan kuna da kulob ɗin Hausa ko na wasan kwaikwayo a makarantarku, ku nemi izinin malami ku gwada rubuta naku. Ku fara da shafi ɗaya, ku buga shi sau biyar, ku rubuta duk inda gardama ta tashi. Waɗannan wuraren su ne abin da za ku gyara a bugunku na biyu.