Dabus: Dutsen Raƙuman Dawa da Masu Karanta Shi

Duk direban kamyo da ya saba bin gudron daga Agadas zuwa Arlit ya sha wuce Dabus bai waiwaya ba. Wurin yana wajen kilomita 110 arewa da Agadas, ƴar tazara kaɗan daga hanya, a gefen yamma na duwatsun Azbin. Daga nesa ba ya ɗaukar ido: wani tulin dutse ne baƙi-baƙi a tsakiyar fili, da ƴan itatuwan ƙaya nan da can. Sai mutum ya hau kansa ya sunkuya zai ga abin da ya jawo masana daga Faransa, Kenya da Amurka. A bisa wani falalen dutse mai ɗan jirkice an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babba da ƙarami. Babban ya kai mita 5 da santimita 40 daga ƙaho zuwa kofato, watau kusan tsawon dabbar a raye. Kowane tambari na fatarsa an fitar da shi ɗaya bayan ɗaya, an goge, an daidaita. Daga bakin kowanne wani zare ya sauko har zuwa wani ɗan mutum ƙanƙane. Ko igiya ce ta kiwo, ko alama ce ta wata al'ada da ta shuɗe, masana sun yi ta gardama a kai.

Buzaye makiyaya sun san dutsen tun kaka da kakanni. A fannin bincike kuwa, Bafaranshe Christian Dupuy ne ya fara rubuta labarinsa a 1987. An ƙiyasta shekarun zanen tsakanin 6,000 da 8,000, zamanin da wannan ƙasa take da ciyawa da tafkuna, ƙarfe kuma bai zo ba. Da dutse aka sassaƙa dutse. Ma'aikacin da ke ƙorafin ƙarancin kayan aiki a ofishinsa, ya kamata a kai shi nan ya gani.

Raƙuman nan ba su kaɗai ba ne. Da aka bi dutsen fuska-fuska aka ƙidaya, an samu zane 828, daga ciki 704 na dabbobi ne. Shanu ne suka fi yawa, sai jiminu, bareyi da raƙuman dawa. Akwai siffar mutane 61 da rubutun Tifinag 17. Ƙidayar nan ita ce farkon aiki, kuma ita ce mafi gajiyarwa. Ana ba kowace fuskar dutse lamba, a auna, a rubuta inda take kallo, a ɗauki hoto da sandar awo a gefe. Da tsakar rana aikin banza ne, domin hasken da ya sauko tsaye yana shafe layuka. Mai bincike yakan jira hantsi ko la'asar sakaliya, ko ya fito da dare da fitila ya haska daga gefe, sai inuwa ta cika ramin zanen, abin da ya ɓuya ya bayyana.

Tambayar da kowane baƙo yake fara yi ita ce: ta yaya aka san shekarun? Dutse ba ya ɗauke da takardar haihuwa. Abu na farko da ake dubawa shi ne launi. Iska, raɓa da ƙura suna shafa wa dutsen hamada wani baƙin shuni na ƙarfe a hankali, shekaru dubbai. Sabuwar sassaƙa fara ce tas, tsohuwa kuwa ta koma launi ɗaya da dutsen. Sannan a duba wane layi ya hau kan wane, tun da na sama ba zai girmi na ƙasa ba. Dabbobin ma shaidu ne. Inda aka ga giwa da karkanda, an san zamanin ruwa ne. Shanu suka biyo, sannan doki da keken doki, raƙumi kuma bai yawaita a Sahara ba sai wajen shekara 2,000 da suka wuce. Duk wannan yana nuna wa ya riga wa, amma ba ya ba da shekara.

A Iwelen, can arewacin Azbin, aka samu abin da ya fi haka. Wani masani, Jean-Pierre Roset, ya yi haƙa a wani tsohon kufai da kaburbura da ke gindin duwatsu masu zanen mutane riƙe da māsu. A cikin ƙasa ya tarar da kawunan māsu na jan ƙarfe masu siffa ɗaya da waɗanda ke bisa dutsen. Da aka auna gawayi da sauran tarkacen wurin a ɗakin bincike, sai suka nuna tsakanin shekara 2,700 da 2,200 da suka wuce. Ta haka zane ya samu shekara daga abin da masu zanen suka bari a ƙasa. Irin wannan dace ba kullum ake samunsa ba.

Masana ma sun yi ɓarna, ba ƴan yawon buɗe ido kaɗai ba. A da, mai bincike yakan bi layukan da alli don su fito a hoto. A Tasili ta ƙasar Aljeriya, ayarin Henri Lhote na 1956 da 1957 sun riƙa jiƙa zanen fenti da soso don launi ya tashi su kwafa, kuma zanen da yawa sun dushe saboda haka. Yau an bar waɗannan dabaru. Ana ɗaukar ɗaruruwan hotuna daga kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffar dutsen da tudu da kwarinsa, ba tare da yatsa ya taɓa shi ba. Mai zane na zamani da ke son ya ɗauki wannan gado ya sa a allonsa, ko a bangon makaranta, ko a kan fatar da dukawa ke ɗinkawa, hanyarsa ke nan: ya zauna, ya duba, ya zana a takardarsa, ya tambayi mutanen wurin sunan kwarin da abin da suka ji daga iyayensu. Ya kuma nemi izini, domin dokar 30 ga Yuni 1997 ta sa irin waɗannan wurare a ƙarƙashin kariyar gwamnati.

Maganar rubutun matafiya ita ce mai wuyar yankewa. Yawancin rubutun Tifinag da ke kan duwatsun Azbin yana farawa da kalmomin da ke nufin "ni ne wane", sai suna ya biyo, wani lokaci da gaisuwa ga wata mace. Wanda ya rubuta shi shekaru ɗaruruwa da suka wuce bai bambanta sosai da yaron mota da ya kankare sunansa da ƙusa jiya ba, ko da ɗan lakkwal da ya cika bangon filin ƙwallo da gawayi a Maraɗi. Na farko ana ba shi lamba a littafin masana, na biyu ana kiransa maɓarnaci. Mai binciken kirki yakan rubuta dukansu, domin sabon rubutu ma yana faɗin wa ya bi ta nan, da wane harshe, a wace shekara. Amma fa filin dutse ba ya ƙarewa a Azbin. Wanda ya bar duk wannan fili ya ɗora sunansa a wuyan raƙumin dawa mai shekara 6,000 ba shi da hujja ko kaɗan.

Tsoron irin wannan ɓarna, da tattaka zanen da ƙafa, da ɓantarar dutse don sayarwa, shi ya sa aka yi aikin 1999. David Coulson na ƙungiyar TARA da ke Nairobi ya ga wurin a 1997, bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995 ya sake buɗe hanyoyin arewa. Shi da masani Jean Clottes, da tallafin gidauniyar Bradshaw da yardar hukumomin Nijar, suka kawo ƙwararru suka shafa wa falalen dutsen wata roba mai ruwa da ake kira silikon. Da ta daskare aka ɓare ta ɗauke da siffar kowane layi. Maƙeran Agadas da ke zuba azurfa a gurbin kakin zuma za su gane dabarar nan take. Daga wannan gurbi aka zuba kwafi na alminiyom, aka girka ɗaya a filin jirgin saman Agadas. Aka kuma haƙa rijiya kusa da Dabus, aka ɗora wa Buzayen wurin gadi da yi wa baƙi jagora. Tawayen 2007 zuwa 2009, da sace Turawa a Arlit a 2010, sun karya kasuwar yawon buɗe ido, kuma da ita ne masu gadi da masu jagora da maƙera suka dogara.

Jikokin dabbar da aka sassaƙa a Dabus sun koma kudu da nisa. A 1996 waɗanda suka rage a dajin Kure, kusa da Yamai, ba su wuce 50 ba, kuma su ne na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. Da aka tsaya kan kare su sai suka haura 600. A 2018 aka ɗauki 8 a mota aka kai su gandun dajin Gadabeji, cikin jihar Maraɗi.